Tambayoyi da amsoshi kan Siri Yantara, zanen da 'yan Hindu ke bauta da shi a cikin gida

Shekara huɗu nayi a birnin Chennai na kudancin Indiya ina karatu, uku daga ciki a saman benen wasu dattawa 'yan Hindu a unguwar Mylapore. A al'adarsu dattijo namiji ana ce masa Mama, matarsa kuma Mami, nima haka nake kiransu, su kuma suna ce min tambi, wato ƙane. Duk safiya in zan sauko sai na wuce ta gaban ɗan ɗakin ibadarsu, a nan na fara ganin wani farantin jan ƙarfe mai zane kamar saƙar gizo-gizo. Tun da na dawo gida mutane ke min tambaya a kansa, wasu a fim ɗin Indiya suka gani, wasu a tallan intanet, shi yasa na tara tambayoyin wuri ɗaya. Ni Musulmi ne, ban taɓa yin wannan bautar ba kuma bazan yi ba. Abin da zan faɗa shi ne abin da idona ya gani, da abin da masu abin suka faɗa min da bakinsu, da wanda na karanta.

Wai mene ne ma yantara ɗin?

Kalmar Sanskirit ce, asalinta daga wata kalma mai nufin riƙewa ko ɗaurewa, har yau a harsunan Indiya da yawa na'ura ma yantara ake ce mata. A addini kuwa zane ne na alwatika da da'ira da murabba'i wanda suka yarda cewa abin bautarsu yana zaune a cikinsa. Mama ya taɓa ce min abin bauta a wurinsu yana da siffa uku, mutum-mutumin da ido ke gani, sai mantara wato kalmomin da baki ke furtawa, sai yantara wato zanen. Yace a wurin waɗanda sukayi nisa a abin, zanen yafi mutum-mutumin daraja, saboda mutum-mutumi hannun masassaƙi ne da tunaninsa, shi kuwa zane ƙa'idarsa bata canzawa. Kusan kowane abin bautarsu nada nasa, akwai na Ganesha, na Kali, na Durga, na Hanuman, har taurari tara da suke duba dasu kowanne da nasa.

To me yasa Siri Yantara ne kullum ake magana a kai? Me ke cikin zanen?

Shi suke kira sarkin yantara, a kudancin Indiya an fi ce masa Siri Cakara. In ka zuba masa ido zaka ga alwatika tara manya da ƙanana sun sarƙe da juna, huɗu tsininsu na kallon sama, waɗannan na Shiba ne, ɓangaren namiji kenan, biyar na kallon ƙasa, su kuma na Shakti, ɓangaren mace. Sarƙewar nan tasu ita ke haifar da ƙananan alwatika 43. Lissafin haka yake in ka ƙirga daga waje, zobe na farko 14, na biyu 10, na uku 10, na huɗu 8, sai guda 1 a can ciki, a tsakiyarta kuma akwai ɗigo ɗaya tal da suke kira bindu. A kewaye da alwatikan akwai fure irin na bado mai ganye 8, bayansa wani mai ganye 16, sai katanga mai kusurwa huɗu da ƙofa a kowane ɓangare, ita ce bhupura.

In ka haɗa katangar da furanni biyun da zoben alwatika huɗun da alwatikar tsakiya da ɗigon, mataki tara kenan, kuma kowane mataki da sunansa da nasa masu tsaron. Mai bauta yana shiga ne da zuciyarsa daga ƙofar waje yana bi mataki mataki har ya kai ɗigon, kamar mai shiga gidan sarauta daga ƙofar fada ya ratsa zaure bayan zaure ya ratsa soro kafin ya kai inda mai gidan yake. Wasu kuma daga ɗigon suke farawa su fito waje, su a wurinsu haka halitta ta faro, daga abu ɗaya ta yaɗu.

Wani abu da ni ya burge ni ta fuskar lissafi kawai shi ne wahalar zana shi. Akwai wurare da dama da dole layi uku su haɗu a tsini ɗaya cif, in ka ɗan karkatar da alwatika guda ko da kaurin gashi ne sai wani ɗan ƙaramin ɓuli ya fito a inda bai kamata ba, ka gyara nan can ya ɓaci. Na gwada da rula da kamfas na kwana biyu bai fito daidai ba. Shi yasa Mama in zai sayi sabo don kyauta sai ya tafi da gilashin ƙara girma yana duba mahaɗar layukan ɗaya bayan ɗaya.

Na Lakshmi ne ko? Wadda muke gani a fim tana zaune a kan fure kuɗi na zubowa daga hannunta

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da 'yan Indiyan kansu. A asali na Lalita Tripurasundari ne, wata siffa ta babbar uwar da suke bautawa, kuma akwai tafarki guda mai zaman kansa da ake kira Siri Bidiya wanda duk ibadarsa a kan wannan zanen take. Babban malamin da suke ji da shi a wannan fannin shi ne Bhaskararaya wanda yayi zamani a ƙarni na 18, har yau da sharhinsa suke kafa hujja. Amma da yake kalmar Siri suna ce ta Lakshmi kuma tana nufin arziki da albarka, talaka da ɗan kasuwa sun ɗauke shi a matsayin nata, musamman a arewacin Indiya. To zaka samu gida biyu da faranti iri ɗaya amma abin da ke zuciyarsu daban.

A haikalin Kamakshi da ke Kanchipuram, tafiyar kamar awa biyu daga Chennai, akwai wannan zanen a gaban mutum-mutumin, kuma mutanen wurin suna cewa Adi Shankara, wani babban malaminsu na zamanin da, shi ne ya kafa shi. Akwai kuma Devipuram a jihar Andhra Pradesh inda ginin haikalin gaba ɗaya a siffar zanen aka yi shi, hawa hawa, mutum na iya shiga ciki da ƙafarsa.

Da me ake yinsa?

Galibi jan ƙarfe. Masu hali suna yin na azurfa ko zinariya, akwai na haɗin ƙarfe biyar da suke kira pancaloha, akwai na farin dutse mai garai garai kamar ƙanƙara. Mutanen da suna zana shi a ɓawon wata bishiya ta yankin Himalaya. Iri biyu zaka fi gani, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, da kuma mai tudu wanda matakan suke hawa kan juna har su yi tsini kamar dala, shi ake kira Meru, sunan dutsen da suka ce shi ne tsakiyar duniya. A layukan da ke kewaye da haikalin Kapaleeshwarar a Mylapore shagunan kayan ibada cike suke dasu, daga mai girman akwatin ashana har wanda sai mutum biyu sun ɗauka.

In mutum ya sayo shikenan sai ya kai gida ya ajiye?

A'a, kuma wannan ce amsar da nafi so mutane su riƙe. A wurinsu farantin da ke shago ƙarfe ne kawai. Sai an yi masa abin da suke kira prana pratishta, wato sanya rai, kafin ya zama abin bauta. Ana zaɓar rana mai kyau a lissafinsu, yawanci Juma'a don ita ce ranar uwar, ko lokacin bikin Nabaratri mai dare tara wanda ke faɗowa wajen Satumba ko Oktoba, ko Diwali, bikinsu na fitilu. Sai a kira malamin addininsu ko gurun gidan, wato jagoransu a harkar ibada, a wanke farantin da ruwa mai tsarki, in da hali a haɗa da ruwan kogin Ganga, a yi karatu mai tsawo ana gayyatar abar bautar ta sauka ta zauna a ciki.

Daga ranar kuwa ya zama nauyi a wuyan mai gida. Mami tace min kamar ka ɗauko baƙuwa mai daraja ne ka sauke ta a gidanka, baza ka kulle ta a ɗaki ka manta da ita ba, sai ka bata ruwa da abinci da haske kullum. Shi yasa da yawa daga cikin dattawansu ke hana yara sayen Meru, suna cewa in kasan bazaka iya hidimarsa ba to ka tsaya a hoto. Na ga lokacin da ɗansu da ke aiki a Amurka ya nemi a bashi na gidan ya tafi dashi, Mama ya hana, yace kai da kake fita tun duhu ka dawo da duhu wa zai kula da ita.

Wane wuri ake ajiye shi a cikin gida?

Suna da wani ilimin tsara gini da suke kira bastu, a cikinsa kusurwar arewa maso gabas ita ce mafi tsarki, to nan ake son ɗakin ibada ya kasance, mai bautar kuma ya fuskanci gabas ko arewa. Ba a ajiye farantin a ƙasa tsirara, sai a kan ɗan katako ko faranti an shimfiɗa jan ƙyalle ko rawaya. Ba a sa shi jikin bangon bayan gida, ba a shiga wurin da takalmi. Wanda gidansa ɗaki ɗaya ne sai ya ware 'yar kanta a bango ko ɗan kabad mai ƙofa, ba lallai sai ɗaki guda ba. 'Yan kasuwa kuma wasu a cikin akwatin kuɗi suke sa ƙarami.

Ya ake yin ibadar ta kullum?

Bari in faɗi yadda na gani a gidan da na zauna, don gida gida akwai bambanci. Mami tana tashi kusan lokacin da nake tashi sallar asuba, sau da yawa ina alwala a sama ina jin ƙarar ruwanta a ƙasa. Sai tayi wanka ta sa tufafi masu tsabta, ta share ƙofar gida ta yayyafa ruwa ta zana kolam da garin shinkafa, wani zane ne da matan Tamil ke yi a bakin ƙofa kowace safiya. Bayan nan ta shiga ɗakin ta kwashe furannin jiya, ta kunna fitila irin aci-bal-bal ɗinmu amma ta tagulla, da man riɗi ko man shanu da lagwanin auduga, ta kunna turaren tsinke.

Sai ta goge farantin ta ɗiga masa sandal da aka niƙa da ruwa, da wani jan gari da ake kira kumkum wanda daga kurkum ake yinsa, shi ne dai jan da kuke gani a goshin matan Indiya. Ta jera sabbin furanni, ta ajiye ɗan abinci, ayaba ko madara ko shinkafar da aka dafa da madara da sukari. Sannan ta zauna tana jan carbinta mai ƙwaya 108. A ƙarshe ta kunna kafur a wani ɗan cokali tana zagaya wutar a gaban farantin tana kaɗa ƙararrawa da ɗaya hannun, sannan ita da Mama su kai tafin hannu kusa da wutar su shafa a idanu. Ranar da ba komai duka bai wuce minti ashirin zuwa talatin.

Ranar Juma'a da ranar da wata ya cika kuwa abin daban ne. Mama ke zama da kansa, a sa farantin cikin wani babban tire a yi masa wanka da haɗin abu biyar da suke kira pancamrita, madara da kindirmo da man shanu da zuma da sukari, sannan a ɗauraye da ruwa a goge. Daga nan sai a fara karanta sunayen uwar guda dubu, kowane suna ɗaya sai an ɗebi kumkum da yatsu an zuba a kan zanen, kafin a gama farantin ya nutse a cikin jan gari baka ko ganin layukan. Maƙwabta mata suna zuwa su zauna su amsa, in an tashi a ƙulla wa kowacce ɗan kumkum ɗin a takarda ta tafi dashi. Cikakkiyar bautar matakai taran nan da suke kira nababarana puja kan ci awanni, ita kam sau kaɗan na ga anyi, kuma sai da aka gayyato wani malaminsu.

Abin da na lura dashi a shekara ukun nan shi ne ban taɓa ganin rana ɗaya da fitilar nan bata kunnu ba. Ko da Mami ta kwanta asibiti sati guda, Mama da bai iya ko dafa shayi sosai ba shi ke tashi ya kunna.

Kowa zai iya karanta kalmomin da suke karantawa?

Akwai na kowa da kowa, kamar sunaye dubun nan da addu'o'in Lakshmi, waɗannan har a rediyo da talabijin ake sawa. Amma ainihin mantarar tafarkin Siri Bidiya, mai gaɓa 15 da suke kira pancadashi da wata mai gaɓa 16 da ke sama da ita, ba a ɗaukarsu daga littafi ko intanet. Sai guru ya baka baki da baki bayan ya gamsu da kai, wannan bayarwar suke kira diksha, kuma gurun shima sai ya iya faɗin wanda ya bashi. Duk wanda ya san yadda ake karɓar izinin wuridi a wurin shehi zai gane tsarin, duk da dai abin da ake bautawa ba ɗaya bane ko kusa. Mama na da wannan izinin, kuma duk sabon da mukayi bai taɓa furta ta a gabana ba, leɓensa kawai ke motsi.

Gaskiya ne yana kawo kuɗi? Na ga ana tallarsa haka

Wannan tallar ita ke ɓata min rai wallahi. Zaka ga an sa hoton faranti an rubuta wai ka ajiye a shagonka kwana kaza kuɗi su fara shigowa, wai an riga an caja shi da ƙarfi, a turo kuɗi a aiko maka. Ni dai ban yarda ƙarfe na kawo arziki ba, arziki na Allah ne. Amma ko a ma'aunin masu addinin wannan tallar wulaƙanci ce. Eh da yawansu suna fatan albarka da buɗi a gida saboda shi, shi yasa ake rububin sayensa ranar Dhanteras, kwana biyu kafin Diwali, ranar da al'adarsu ce a sayi wani abu na ƙarfe ko zinariya. Amma dattawan da na zauna dasu fansho suke ci, gidan ma haya suke bada samansa don su cike gibi, kuma shekara da shekaru suna wannan hidimar ba don sun ga kuɗi sun zubo ba. Da na tambayi Mami ko tana roƙon dukiya, cewa tayi tana roƙon lafiyar 'ya'yanta da kuma kar hankalinta ya riga ta tsufa.

To ɗan uwa in wani ya ce maka ka sayi faranti ka yi kuɗi, kuɗinka yake so, kuma yana jefa imaninka cikin hatsari a banza.

Ba irin hatimin da malamanmu ke zanawa bane?

Siri Yantara kam a'a, shi ba lamba ko harafin lissafi a cikin tsarinsa, siffofi ne zalla. Amma akwai wasu yantara ɗin da in ka gani zaka rantse daga allon wani malamin zaure aka kwafo. Misali na Kubera, wanda suka ɗauka mai tsaron dukiya, gida tara ne uku uku, layin farko 27, 20, 25, na biyu 22, 24, 26, na uku 23, 28, 21, ta duk inda ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 72 zai baka. Na rana kuma jimlarsa 15, wato daidai da hatimin gida tara da aka sani a ƙasashen Musulmi. A Khajuraho a bangon haikalin Parshvanath na mabiya addinin Jain akwai mai gida 16 da ke bada 34.

Shi wannan lissafin na gidaje ya zaga duniya, Sin da Indiya da Larabawa duk sun san shi, mu ma muna da gwani a kai, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara irin waɗannan gidajen, ya rasu a Alƙahira a 1741. Lissafin ɗaya ne. Bambancin shi ne su Hindu suna ɗaukar zanen a matsayin mazaunin abin bauta, suna yi masa wanka suna bashi abinci suna sunkuya masa.

Na ga tauraro mai tsini shida a wasu, ko na Yahudawa ne? Wasu ma cewa suke na ƙungiyar asiri ne

Ba ruwansa da Yahudawa. Sunansa shatkona, alwatika ce mai kallon sama da mai kallon ƙasa aka haɗa, ma'anar dai ta ɗazu, Shiba da Shakti, kuma ya daɗe ƙwarai a Indiya. Siffa ce mai sauƙi da al'ummu da yawa suka yi amfani da ita kowa da nufinsa. Tambayi kakanka kwabo mai huji na zamanin Turawa, wannan tauraron ne a jikinsa, kuma yana kan tutar Najeriya ta mulkin mallaka daga 1914 har zuwa 1960.

Mata ne ke yi ko maza?

Duka. Hidimar kullum a yawancin gidajen da na shiga a hannun mata take, manyan ranaku kuma mai gida ya zauna. A gidajen da ke riƙe da al'ada sosai mace mai jinin al'ada bata shiga ɗakin sai ta yi tsarki, matasa da yawa a birane sun fara barin wannan. Haka in anyi mutuwa a dangi na kusa sukan dakatar da bautar na kwanaki, galibi goma zuwa sha uku, sai an gama zaman makoki anyi wankan tsarki.

In ya yi baƙi ko ya fashe fa? Ko mai shi ya mutu?

Jan ƙarfe dole yayi duhu, ballantana wanda ake zuba wa madara da zuma. Da tsamiya suke wanke shi ko lemon tsami da ɗan gishiri, kamar yadda iyayenmu ke wanke tasa, amma a hankali don kar layukan su shafe. In ya tsage ko zanen ya goge to ba a ci gaba da bauta dashi, kuma ba a jefa shi a shara, sai a kai shi kogi ko teku a saka, ko a miƙa wa haikali. In mai shi ya mutu kuma babu mai iya ɗaukar hidimar a cikin 'ya'ya, sukan kai shi haikali ko gidan wani guru inda za a ci gaba da kula dashi. Wannan maganar tana damun Mama sosai, ya sha yi min ita da yamma in muna zaune a baranda, yana cewa farantin nan daga hannun mahaifinsa ya karɓa kuma baya so ya zama a kansa abin zai tsaya.

An bani kyautarsa, ko na sayi sarƙa ko riga mai zanen ban sani ba, ya zanyi?

Hakan na faruwa sosai, musamman masu zuwa Indiya asibiti ko saro kaya, don ana buga zanen a zanin gado da labule da abin wuya da maƙalin makulli. Shawarata in kai Musulmi ne ko Kirista kar ka rataya shi a matsayin ado, don ba ado bane, alamar bautar wani addini ce kai tsaye, hukuncin kuma ka tambayi malaminka. Amma dan Allah kar ka taka shi ko ka ɗauki bidiyo kana wulaƙanta shi ka watsa, Alƙur'ani ma a suratul An'am aya ta 108 ya hana zagin abin da wasu ke bautawa don kar su rama da zagin Allah. In wanda ya baka yana kusa ka mayar masa cikin mutunci kace addininka bai baka damar ajiyewa ba, yawancinsu zasu fahimta don su ma basa son ya zauna inda ba a kula dashi. In a Kano ko Legas kake akwai 'yan Indiya mazauna da zasu karɓa.

In Bahinde ya gayyace ni gidansa ana wannan ibadar, me ya kamata inyi?

Ka cire takalmi a bakin ƙofa, kar ka shiga ɗakin ibadar sai an ce ka shiga, kar ka taɓa farantin, kar ka miƙe ƙafa tafinta na kallon wurin, hoto kuma sai ka nemi izini. Ba dole ka sunkuya ko ka shafa wutar ba, ka tsaya gefe kawai da natsuwa. Inda aka fi samun matsala shi ne abincin da aka ajiye a gaban abin bautar, wanda suke kira prasad, don rabawa ake yi kuma ƙin karɓa babu bayani yana musu ciwo. Ni tun satin farko na samu Mami a kicin nace mata, Mami kiyi haƙuri, addinina bai yarda in ci abin da aka miƙa wa wanin Allah ba, ba raini bane. Tayi shiru kaɗan sannan tace to tambi na ji. Daga ranar duk Juma'a in ta dafa shinkafar madarar nan sai ta fara ɗebar nawa a wani ɗan kwano ta rufe ta ajiye a kan matakala kafin ta kai sauran ɗakin ibada. Da azumi ya zo kuma ita ke leƙa agogo, in magariba ta kusa sai ta turo Mama ya hawo min da ruwan kwakwa.